An Goge Malam, An Bar Kwagiri

Tun da Auta ta fara aiki a shagon buga fostoci, Baba bai taɓa taka ƙofar ba. Yakan ce ƙarar inji da warin tawada ciwon kai suke sa masa. Shi ya sa da ta ɗaga kai da hantsi ta gan shi tsaye a gaban teburinta, da naɗaɗɗiyar takarda a hannu, sai ta miƙe da sauri.

"Baba, lafiya? Wani abu ya faru a gida?"

Ya warware takardar a kan teburin, ya danne gefenta da tafin hannu. Fostar Injiniya ce, wadda ta cika gari tun shekaranjiya. Daga bango ya yago ta, har da ɓarɓashin siminti manne a bayanta.

Ga Injiniya nan tsaye cikin farar riga, yana murmushin da ya tafi da hankalin 'yan matan unguwa, a ƙasa an rubuta da manyan haruffa cewa shi ne zaɓin talaka a majalisa. Shi ne kuma mutumin da ya rage 'yan makonni a ɗaura musu aure.

"Wa ya yi wannan aikin?" in ji Baba.

"Ni ce."

"Shi kaɗai ne a hoton da aka kawo miki?"

Ta kau da ido daga fostar. Mai shagon, da ya ga inda maganar ta dosa, ya kashe injin ya ce bari ya je ya sayo takarda, alhali takarda na nan jibge har rufi.

"Tambayarki nake yi, Auta."

"Akwai wani a gefensa," ta ce, muryarta can ƙasa. "Na goge shi."

"Wa?"

Ta sunkuyar da kai, shi ma ya san ko wane ne. A gidansu ba a ambaton Malam Mai Lasifika sai dole.

Duk garin an san malamin. Wasu na rantsuwa da shi, wasu na toshe kunne idan ya hau mumbari, amma duk ɗan takarar da ya ƙirga almuridansa sai yawunsa ya tsinke. Inna, mahaifiyar Auta, unguwarzoma ce a asibiti, kuma ita ke jagorantar matan da ke bi gida-gida suna yi wa yara rigakafi. Malam ya sa ta a bakin lasifika shekara da shekaru, yana cewa an ɗauke ta haya ne ta kashe zuriyar mutane. Ranar da ta rasu, ya zo da kansa ya tsaya a bakin layinsu, yana mayar da masu zuwa jana'iza. Matar da ta karɓi haihuwar rabin unguwar, sahu ɗaya bai cika a kanta ba.

Auta na cikin gida tare da mata a ranar, labari kawai ta ji. Baba kuwa a waje yake, idonsa ya gani.

Ya ɗora yatsa a kan hannun daman Injiniya. "Mene ne wannan?"

"Kwagiri ne. Ya ce na kakansa ne. Na so in cire, ya ce in bar shi, yana ƙara masa kwarjini."

"Kakansa." Baba ya yi wata dariya marar daɗi. "Dubi kan tagullar nan. Dubi inda ya tsage aka ɗaure da jan zare. Da wannan kwagirin aka ja layi a ƙasa a ƙofar gidana, aka ce duk wanda ya tsallaka ya yi wa uwarki salla ya fita daga sahun mutanen kirki. Ko a kabari aka nuna min shi zan gane shi. Kuma ba kowa ke riƙe masa ba, sai na jikinsa."

"Baba, tsohon hoto ne! Wallahi ya ce min tun yana karatu aka ɗauka, tun kafin ya rabu da su. Ya rantse maka a gaban mutane cewa ya yanke hulɗa da shi. Na goge ne don kada ranka ya ɓaci a kan abin da ya wuce."

"Buɗe hoton a na'urarki."

Ta buɗe.

"Matso min da hannun hagu. Ƙara. Ƙara dai."

Hoton ya cika fuskar kwamfutar. A ƙarƙashin hannun rigar, rabi a ɓoye, ga agogo mai baƙar fata da gilashin da ya ɗan karce ta gefe.

Auta ta dafe baki.

Agogon Baba ne. Inna ta saya masa da albashinta na farko, lokacin yana tuƙa motar asibiti, ita kuma tana sabuwar ma'aikaciya. Kwanakin baya Auta ta lura babu shi a hannunsa, ta tambaya, ya ce yana inda ya dace.

"Ranar da ya dafa ƙirji ya rantse min, na kwance shi na ɗaura masa da hannuna," in ji Baba. "Na ce masa ba ni da abin da ya fi wannan daraja sai ke, kuma duka biyun na ba shi. Yanzu ki faɗa min, ke mai ilimin hoto, yaya agogon da na bayar watan jiya ya shiga hoton da aka ɗauka yana ɗalibi?"

Abin haushin shi ne ta shafe yini guda a kan hoton nan. Amma mai goge mutum daga hoto baki-baki yake bi, inda kafaɗa ta taɓa kafaɗa, inda inuwar wannan ta faɗa kan rigar wancan. Can idonta ya tsaya, tana tsince malamin zare-zare kamar mai tsince tsakuwa a hatsi. Hannun hagu na can nesa da inda ake aikin, ko sau ɗaya ba ta kalle shi ba. In ma ta kalla, wa ya sani? So hana ganin laifi.

"Ban taɓa yi miki dole ba, ba kuma yau zan fara ba," Baba ya ce yana naɗe fostar. "Ke ba yarinya ba ce. Amma agogona nake so. Ki shigo min da shi kafin magariba, ko kuwa ki bi shi inda yake, ku zauna can tare. Abin da ya fi ci min rai, Auta, ba ƙaryarsa ba ce. Ɗan siyasa ne, sana'arsa yake yi. Hannun 'yar unguwarzoma ne ya share wa mutumin nan hanya."

Ya fita, ko waiwaye bai yi ba.

Ba ta gama share hawaye ba sai ga Goggo, ƙanwar Baba, ta faɗo shagon mayafi na jan ƙasa. Da ganin yadda take haki, a bakin titi ta laɓe tana jiran yayanta ya fito.

"To, ramin ƙarya ƙurarre ne! Ban faɗa ba? Tun ranar da na ga yaron nan yana gaishe da mutane da hannu biyu yana kallon bayan kansu na ce wannan ba miji ba ne, mai neman ƙuri'a ne."

"Goggo, don Allah ki bar ni."

"In bar ki? Na bar ki ai, ga inda bari ya kai mu. Ga malamin lissafin nan maƙwabcinku, shekara nawa yana bin ki kamar inuwa? Me ya rasa? Don ba shi da mota mai baƙin gilashi?"

"Ba na son sa, Goggo. Mutumin kirki ne, amma ba na son sa."

"So! So ne ya ɗauki makarar uwarki?" Goggo ta buga tebur. "Ranar nan da manya masu gemu suka ga layi a ƙasa suka juya kamar an kora awaki, yaron nan ne ya tsallaka, da alli a hannun rigarsa, daga aji ya taho. Shi ya kama ƙafar makara ta huɗu, da ba don shi ba da sai an nemo ɗan dako. Shi naki Injiniyan yana ina a ranar? Kin taɓa tambayarsa?"

Auta ba ta taɓa tambaya ba. Sau da yawa tambayar takan zo mata har bakin harshe, sai ya yi murmushin nan, ta haɗiye ta.

Goggo ta sassauta murya, ta dafa kafaɗarta. "Ni ban ce ki auri kowa gobe ba. Amma ubanki bai karya kumallo ba yau. Tun asuba da ya fita masallaci ya ci karo da abin nan a bango yake zaune kamar an zare masa laka. Ki yi wa tsufansa adalci."

Bayan ta tafi, Auta ta kira Injiniya. Sau uku yana kashewa. A na huɗu ta tura masa saƙo cewa akwai matsala a fosta. Kafin a kira la'asar sai ga motarsa a ƙofar shago.

Ya shigo da fara'arsa da ƙamshin turarensa, ya bar 'yan rakiya a waje. Ko yanzu, da duk abin da ta ji, da ta gan shi sai da zuciyarta ta yi tsallen da ta saba. Ta tsani kanta saboda haka.

"Amaryata, wace matsala ce? Kala ce ba ta fito ba?"

Ta juya masa fuskar kwamfutar. Hannunsa na hagu ne ya cika ta.

Ya duba, ya dubi agogon da ke hannunsa a yanzu, ya ja kujera ya zauna. Fara'ar ta sauka a hankali.

"Baba ya gani?"

"Shi ya nuna min."

"Kash." Ya shafa fuska. "Ban lura da agogon ba."

"Abin da ya dame ka ke nan? Ba ka lura da agogon ba?" Hawaye suka zubo mata. "Ka zauna a kujerar nan, ka kalli idona, ka ce min tsohon hoto ne. Ka ce kwagirin kakanka ne. Na tambaye ka, me ya sa sai wannan hoton, ga hotuna nan birjik? Ka ce a nan murmushinka ya fi kyau."

"Ki saurare ni, Auta. Ki bar kuka ki saurare ni."

"Ina ji."

"Siyasa ba wa'azi ba ce. Mutanen Malam su ne kusan rabin akwatunan mazaɓar nan. In na tsaya da shi a fili, sauran rabin su gudu. In na rabu da shi, nasa su gudu. To me zan yi? Sai aka ce a cire shi a bar kwagirin. Wanda bai sani ba ya ga ɗan takara da sanda. Wanda ya sani ya sani."

Ta zuba masa ido. Har yanzun nan tana zaton sakaci ne, tana ma shirya yadda za ta roƙi Baba ya yafe sakaci.

"Da gangan ka bar shi."

"Ba ni kaɗai na yanke ba, akwai kwamiti."

"Kuma duk shagunan garin nan ba ka ga inda za ka kai ba sai wurina?"

Ya kau da kai. "Ke ce ba za ki fitar da asalin hoton ba. Wani zai iya sayar wa 'yan adawa."

"Ashe amanata ka yi aiki da ita." Ta yi dariya cikin kuka. "Ka san me mutumin nan ya yi wa Inna?"

"Na sani, kuma ban ji daɗi ba. Allah ya jiƙanta."

"Kana ina a ranar?"

Ya juya ya kalli ƙofa.

"Injiniya, kana ina ranar da aka ja layi a ƙofar gidanmu?"

"Ina yaro a lokacin, Auta. Shi ya riƙe ni tun mahaifina ya rasu, a gidansa na tashi. In ya ce a taka masa, ba a cewa a'a."

"Kai ka riƙe masa kwagirin har layinmu?"

"Ban ja layin ba. Wallahi ban ja ba. Miƙa masa kawai na yi."

Ta kifa kai a kan tebur ta yi kuka mai sauti, irin wanda ba ta yi ba tun ranar rasuwar. Ya matso da kujerarsa, yana magana ƙasa-ƙasa da muryar nan da ta sa ta bijire wa kowa saboda shi.

"Ina son ki, Allah ya sani. Shi ya sa na ɓoye. Tun ranar da na fara ganin ki na san 'yar wace ce ke, na ce zan gyara abin da aka ɓata. Ki ba ni lokaci. Zaɓe ya wuce, in hau kujera, wallahi ko gaisuwa ba za ta sake haɗa ni da shi ba. Zan gina ɗakin haihuwa in sa masa sunan Inna. Baba da kansa zai yanke ƙyallen buɗewa."

"Kowa ya ci ladan kuturu," ta ce ba tare da ta ɗago ba, "dole ya yi masa aski."

"To ki cire agogon daga hoton, mu sake bugawa. Aikin minti nawa ne a wurinki? Sai in je in samu Baba in ce masa kuskuren na'ura ne, an haɗa hannun wani hoto da wani. Ke ce gwana, in kin faɗa zai yarda."

Ta ɗago. Idanunta sun yi ja.

"Agogon zan cire? Ba kwagirin ba?"

"Kwagirin... an riga an sanar da mutane su duba shi. In ya ɓace yanzu za su ce na juya musu baya."

"To ji nawa. Hannu biyu gare ka, amma ni ba zan zauna da duka biyun ba. Ko in goge kwagirin yanzu a gabanka, a sake bugawa, ka fita ka faɗa wa duniya ka bar shi, ko ka kwance agogon ubana ka ajiye a nan. Ka zaɓa."

"Haba Auta, wannan ai ba adalci ba ne. Saura ƙiris fa a kaɗa ƙuri'a. Kin san wahalar da na sha kafin in kawo nan?"

"Ka zaɓa."

Ya buɗe baki zai yi magana, sai wayarsa ta yi ƙara. Ya duba. Ta ga yadda jikinsa ya canza tun kafin ya ɗauka: ya miƙe zumbur, ya zame takalmansa, ya rusuna a tsakiyar shagon, a kan tarkacen takardu, kamar mai kiran yana tsaye a gabansa.

"Na'am, Malam. Allah ya ƙara wa Malam lafiya. Eh, ina tare da ita ma yanzu."

Muryar ta fito daga wayar, muryar da ta yi shekaru tana tsallako katangarsu da sunan Inna a cikinta. Shagon shiru, ta ji kowace kalma.

"Ka gaya wa uban yarinyar a masallacina za a ɗaura, ni zan ɗaura da kaina. Jama'a su ga gidan nan ya dawo hanya. Ka ji ko?"

Injiniya ya ɗago ido ya dube ta. Ta tsaya tana jira. Kalma ɗaya take so, ko da "sai na yi shawara" ce, da ta riƙe ta ta kai wa Baba.

"Na ji, Malam," ya ce. "Yadda Malam ya ce haka za a yi."

Ta miƙa tafin hannunta.

Ya maƙale wayar tsakanin kunne da kafaɗa, yana ta "na'am, na'am", ya kwance agogon. Bai ma sa mata a hannu ba, a kan tebur ya ajiye, kusa da kwalbar tawada. Ya yi mata alama da yatsa cewa zai dawo su yi magana, ya zura takalmi ya fita, wayar na kunnensa. 'Yan rakiya suka ɗauki kirari, motar ta tashi.

Fatar agogon da ɗumin jikinsa. Ta goge ta da gefen mayafi, ta sa a jaka.

Akwai sauran lokaci kafin magariba, akwai kuma sauran aiki ɗaya. Ta buɗe hoton da suka ɗauka don katin biki, wanda ta yi ta gyarawa tana ɓoyewa kada mai shago ya yi mata tsiya. Ga su nan su biyu, kafaɗa kusa da kafaɗa, ita cikin shuɗin leshi.

Ta fara goge shi. Wannan karon ba baki-baki kawai ta bi ba. Ta cire hular, ta cire murmushin, ta cire inuwarsa da ta faɗo a kan hannunta, ta bi gilashin tagar da ke bayansu ta cire ɗan hasken farar rigarsa. Ta duba kusurwa-kusurwa, ta sake dubawa, hawaye na ɗiga a kan madannai tana sharewa. Ba ta bar ko zare ɗaya nasa ba.

Mai shago ya dawo, ba takarda a hannunsa. Ya leƙa ta bayanta, ya daɗe yana kallo.

"Aiki ya yi kyau," ya ce a hankali. "Babu wanda zai ce da mutum a wurin. Sai dai ke."

Ta ja hoton baya ta kalle shi gaba ɗaya. Ga ta nan ita kaɗai a gaban taga, tana dariya har da haƙora, kanta ya karkata zuwa kafaɗar da babu. Ta gwada miƙar da wuyan, hoton ya lalace. Ta mayar, ta sake gwadawa, ya sake lalacewa.

Daga nesa lasifikar Malam ta fara gyaran murya don kiran magariba. Auta ta kashe kwamfutar, ta ɗauki jakarta da agogon a ciki, ta kama hanyar gida.